Jean Purdy, Nas Ɗin da Aka Manta da Sunanta

A wannan mako mun kawo muku tarihin wata mata 'yar Ingila da ta yi aikin da ya share wa iyalai da yawa hawayen rashin haihuwa, amma ba kowa ya san ta ba.

An haifi Jean Purdy a garin Kambirij ranar 25 ga Afrilu, 1945. Ta koyi aikin jinya a asibitin Addenbrooke's da ke garin. A 1968, tana da shekara 23, ta fara aiki da wani masanin kimiyya, Robert Edwards, wanda ya haɗa kai da likitan mata Patrick Steptoe na garin Oldham.

Matsalar da suke son warwarewa ita ce: akwai matan da bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifarsu ya toshe, don haka ƙwan ba ya haɗuwa da maniyyin miji. Sai suka ce to, bari a yi haɗuwar a waje. Steptoe ne yake ciro ƙwan daga jikin matar da wata siririyar na'ura. Daga nan aikin Jean ke farawa. Za a sa ƙwan a ɗan faranti mai ruwa na musamman, a zuba maniyyin mijin, a ajiye a ɗumi daidai da na jikin mutum. Idan ƙwayar maniyyi guda ta shiga ƙwan, sai ya rabu biyu, ya zama huɗu, ya zama takwas. Sannan a mayar da shi mahaifar uwar ya ci gaba da girma. Ashe "jaririn kwalba" da ake faɗi ba a kwalba yake girma ba, a cikin uwarsa yake!

Faɗi da baki ba wuya. Kusan shekara goma suna gwadawa abin yana ƙi, wasu mutane kuma suna zaginsu. Jean ce take rubuta duk abin da aka yi a littafi, ita ce take duba ƙwayayen da madubin ƙara girman abu. Lokacin da ta tafi jinyar mahaifiyarta, sai da aikin ya tsaya na watanni.

A 1977 aka kawo wata mata, Lesley Brown, wadda ta shekara tara tana neman haihuwa. Jean ce mutum na farko da ya ga ƙwanta yana rabuwa. Ranar 25 ga Yuli, 1978 aka haifi Louise Brown a Oldham, jaririya ta farko a duniya da aka samu ta wannan hanya. A 1980 su ukun suka buɗe asibitin Bourn Hall.

Abin da ya ba mu haushi shi ne, da aka zo kafa allon tunawa a Oldham, sai aka rubuta sunayen mazan biyu aka bar nata. Edwards ya rubuta takardar ƙorafi, ba a saurare shi ba.

Jean ta rasu ranar 16 ga Maris, 1985, sanadin kansar fata, tana da shekara 39. Steptoe ya bi ta a 1988. Edwards kaɗai ya karɓi kyautar Nobel a 2010, domin ba a ba mamaci wannan kyauta. A 2018 Louise Brown da kanta ta je kabarin Jean a ƙauyen Grantchester, inda aka kafa mata sabon dutsen tunawa.