Fritz Plaumann, Bajamushen da Ya Yi Shekara Saba'in Yana Tara Ƙwari

A wannan makon mun ɗauko muku tarihin wani mutum da ya ci abinci da abin da mu muke kashewa da tafin hannu. Sunansa Fritz Plaumann. An haife shi a shekarar 1902 a garin Preussisch Eylau na gabashin Jamus ta wancan lokaci, garin da yanzu yake cikin ƙasar Rasha.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuɗin Jamus ya lalace ƙwarai, har ta kai a ƙarshen 1923 dalar Amurka ɗaya tana daidai da mak sama da tiriliyan huɗu. Iyalai da dama suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar. A 1924 Fritz da iyayensa suka shiga jirgin ruwa zuwa Birazil, suka sauka a Nova Teutônia, wani sabon ƙauyen baƙi da ke tsakiyar kurmi a jihar Santa Catarina. Can ya zauna har ƙarshen ransa.

Da farko babu abin da bai taɓa ba: ya yi noma, ya koyar da yara, ya ɗauki hoto, ya yi tireda. Amma hankalinsa na kan ƙananan halittun kurmin. Bai yi jami'a ba. Da littattafai da wasiƙun da yake musaya da masana ya koyar da kansa, har tara ƙwari ya zama sana'arsa.

Aikin ba wasa ba ne. Sai ya kama ƙwaro da raga ko tarko, ya kashe shi ba tare da fiffike ko ƙafa ta karye ba, ya soke shi da siririyar allura, ya busar, sannan ya kare shi daga danshi da tururuwa, domin a ƙasa mai yawan ruwan sama dare ɗaya ya isa a yi asarar wahalar wata guda. Daga nan ya shirya su cikin akwati ya aika ta gidan waya ga jami'o'i da gidajen adana kayan tarihi da masu tarawa a Turai da Amurka, su kuma su biya shi, wani lokacin da kuɗi, wani lokacin da littattafai.

Abin da ya fi burge mu shi ne 'yar takardar da yake maƙalawa a ƙarƙashin kowane ƙwaro. Ba ta kai girman farce biyu ba, amma tana ɗauke da sunan ƙauyen, da lambobin da ke nuna ainihin wurin a taswira, da lokacin da aka kama shi, da sunansa. Ƙwaron da ba a san inda aka samo shi ba kusan ba shi da amfani ga mai bincike. Saboda wannan takarda ne sunan ƙauyen da ko 'yan Birazil da yawa ba su san shi ba ya shiga ɗakunan bincike na duniya. Waɗanda malamin bayoloji ke sha fama da su kan rubuta kwanan wata a littafin gwaji, kun dai ji.

Bai sayar da komai da komai ba. Abin da ya ajiye wa kansa ya kai ƙwari kusan 80,000, iri kusan 17,000, kuma kimanin 1,500 daga cikin irin da ya tara masana ba su taɓa saninsu ba kafin shi. Da yawa an raɗa musu suna plaumanni don girmama shi.

Mun yi gardama a kulob kan wannan sana'a. Wasunmu na ganin bai dace mutum ya kashe dubban halittu ya sayar wa ƙasashen waje ba, kuma ita ma Birazil ta kafa dokar kare namun daji a 1967, wadda ta sa irin aikinsa ya koma sai da izinin hukuma. Maganarsu abar dubawa ce. Sai dai mafi yawanmu mun fi karkata ga cewa gatari da maganin feshi sun yi wa ƙwarin yankin ɓarnar da ragar mutum ɗaya ba za ta iya ba. A kan idonsa aka sare mafi yawan kurmin aka mai da shi gonaki da wuraren kiwon kaji da aladu. Mai son sanin abin da ke rayuwa a wannan daji kafin a sare shi, yau akwatunan Plaumann zai buɗe.

A 1988 aka buɗe gidan adana ƙwari mai ɗauke da sunansa a Nova Teutônia, cikin gundumar Seara, daf da gidan da ya zauna. Ya rasu a watan Satumba na 1994 yana da shekara 92. Akwatunan suna nan a ƙauyen, kuma 'yan makaranta irinmu suna zuwa kallonsu.