Mile, Mai Zanen Manoma

A ƙasar Faransa an yi wani mashahurin mai zane, sunansa Jean-François Millet, amma Faransawa Mile su ke furtawa. An haife shi a shekarar 1814, a wani ƙauye da a ke kira Gruchy, a bakin teku. Iyayensa manoma ne, saboda haka tun yana yaro ya saba da huɗa da shuka da girbi. In aka dawo daga gona, sai ya ɗauki gawayi ya yi ta zana abin da ya gani.

An ce wata rana ya zana wani tsoho mai tafiya a sunkuye, kowa ya duba sai ya gane tsohon. Da ubansa ya ga haka, sai ya kai shi garin Cherbourg a shekarar 1833 don ya koyi zane. A shekarar 1837 hukumar garin ta ba shi kuɗi, ya tafi babban birnin Faris ya ƙara ilmi.

A zamanin nan yawancin masu zane sarakuna da attajirai da jarumawan da su ke zanawa, domin nan kuɗi ya ke. Mile ya gwada bin sahunsu, amma hankalinsa yana gona. Ya ga cewa talakan da ke ciyad da jama'a da guminsa ya isa a zana shi kamar yadda ya ke. A shekarar 1849, lokacin da annobar kwalara ta faɗa wa Faris, sai ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauyen Barbizon. Can ya yi yawancin sauran kwanakinsa.

Ga yadda ya ke aikinsa. Yakan fita gonaki ya zuba wa ma'aikata ido, ya lura da yadda mai shuka ke wurga hannu, da yadda kaya ke danne kafaɗar mai ɗauka. Yakan yi 'yan zane-zane a takarda don kada ya manta. Sa'an nan ya koma ɗakinsa ya ɗauki fenti da burushi, ya fito da hoton daga abin da ya riƙe a ka. Ba ya gaggawa. Wani hoton yakan ɗauke shi shekaru, yana gyara yana sakewa. Da ya ke shi ma ya riƙe fartanya, ya san inda jiki ke gajiya, kuma ba ya ɓoye kanta a hannu ko faci a riga.

A shekarar 1857 ya gama ɗaya daga cikin hotunansa da suka fi suna, watau Masu Kala. A cikinsa mata uku ne matalauta a gonar alkama bayan girbi, suna tsintar zangarniyar da ta zube. Can bayansu ga tarin hatsin mai gona, ga wakilinsa bisa doki. Masu arziki da yawa ba su ji daɗin hoton ba, don ya tuna musu da talakawa, ga shi kuwa ba a daɗe da yin juyin mulki na 1848 ba. Aka yi ta zarginsa, aka sayi hoton da araha. Yana da 'ya'ya tara, wani lokaci abinci ma yakan yi wuya a gidansa. Duk da haka bai sake hanya ba.

Sannu a hankali mutane suka gane darajar aikinsa, har gwamnati ta ba shi lambar girma a shekarar 1868. Ya rasu a Barbizon a shekarar 1875. Yau hoton Masu Kala yana wani babban gidan adana hotuna a Faris, mutane na zuwa daga ƙasashe masu nisa su tsaya gaban matan nan uku. Ɗan manomi bai ji kunyar asalinsa ba, asalin nan kuwa shi ya ɗaukaka shi.