Dorothy Hodgkin, masaniyar da ta gano sirrin ruwa a cikin furotin

An haifi Dorothy Hodgkin a Alƙahira a shekarar 1910, ta karanci kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford ta Ingila.

A wancan zamani masana sun sha daskarar da furotin ya zama ƙwayoyi masu sheƙi kamar na gishiri, amma duk sa'ad da suka haska su da hasken eksire domin ganin tsarinsu, sai hoton ya fito dishi-dishi. A 1934, a Cambridge, ita da malaminta J.D. Bernal suka nuna dalili: ruwa ne kusan rabin kowace ƙwaya, da zarar iska ta busar da ita tsarinta ya wargaje. Da aka rufe ƙwayoyin pepsin, sinadarin narkar da abinci, cikin siririn bututun gilashi tare da ruwansu, hoton ya fito sarai.

Daga baya ta fayyace tsarin fenisilin da bitamin B12, ta samu lambar Nobel a 1964. Insulin, maganin masu ciwon sukari, shi ya fi wahalar da ita: shekara 35 ta yi a kansa, ga ciwon gaɓoɓi ya nakasa mata yatsu, kafin ta warware shi a 1969.

Ta rasu a 1994.