Maurice Wilks, injiniyan da ya ƙera Land Rover

Dattawan Ungogo da sauran ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano ba za su manta da zamanin da ganin ƙurar Land Rover ke nufin hukuma ta iso ba, ko Di'o, ko ɗan sanda, ko malamin gona.

Mutumin da ya ƙago motar shi ne Maurice Wilks, wanda aka haifa ranar 19 ga watan Agustan 1904 a tsibirin Hayling da ke kudancin Ingila.

Ya yi shekaru biyu a kamfanin General Motors na Amurka, sannan ya koma gida ya yi aiki da Hillman. A 1930 ya zama babban injiniyan kamfanin Rover, inda yayansa Spencer ke cikin shugabanni.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi ƙaranci a Birtaniya. Shi kuwa Wilks yana da gona a Anglesey da ke yankin Wales, inda yake aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojan Amurka. A kan ƙashin irin wannan Jeep ne aka ɗora samfurin farko a 1947, da sitiyari a tsakiya kamar na tarakta.

An nuna motar ga duniya a birnin Amsterdam ranar 30 ga Afrilun 1948, da bodin alminiyam, abin da ya sa tsatsa ba ta cin sa.

Siririya ce ƙwarai. Tsakanin tayar dama da ta hagu inci 50 ne kacal, domin manomi aka yi wa ita, kuma hakan ya dace da ƙunƙuntar hanya irin wadda ke ratsa gonaki a ƙasar Kano. Sai dai siririyar mota mai tsayi tana saurin karkata idan an labta mata kaya.

A 1958 kamfanin ya fito da ƙirar Series II, aka ƙara inci ɗaya da rabi a faɗin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin biyu, aka kuma kumbura gefen bodin don ya rufe su.

A ido ƙarin ba wani abu ba ne, amma ya ishi bakanike ciwon kai. Shaf ɗin wannan ƙira bai yi daidai da na waccan ba, kuma wanda ya haɗa aksil ɗin gaba na ɗaya da na baya na ɗayar, tayoyinsa ba za su taka sawu guda cikin yashi ba. Mai neman kayan tsohuwar mota a kasuwar Ƙofar Ruwa gara ya tafi da awo.

Wilks ya zama shugaban Rover a 1962, ya kuma mutu a gonarsa ranar 8 ga Satumban 1963 yana da shekaru 59. Shekaru 20 bayan haka aka faɗaɗa tsakanin tayoyin zuwa inci 58 da rabi a ƙirar One Ten.