Cecil B. DeMille

Cecil Blount DeMille (12 ga Agusta 1881 – 21 ga Janairu 1959) mai shirya fina-finai ne kuma darakta ɗan ƙasar Amurka. An haife shi a Ashfield, jihar Massachusetts. Ya fara da wasan daɓe, sannan ya fitar da fim ɗinsa na farko, The Squaw Man, a 1914. Cikin fitattun ayyukansa akwai Samson and Delilah (1949) da The Ten Commandments (1956).

Aikin rediyo

Jama'a da yawa sun san DeMille ne ta muryarsa a Lux Radio Theatre, shirin wasan kwaikwayo na awa ɗaya wanda kowane mako yake zuwa da sabon labari da sababbin 'yan wasa. Kamfanin Lever Brothers, mai yin sabulun Lux, shi ya ɗauki nauyinsa. An fara shirin a New York ranar 14 ga Oktoba 1934, ana mayar da wasannin daɓe na rediyo.

A ranar 1 ga Yuni 1936 aka mayar da shi Hollywood, DeMille ya zama mai gabatarwa. Daga nan aka fi ɗauko labaran daga fina-finai, sau da yawa da taurarin da suka fito a cikinsu. Marlene Dietrich da Clark Gable ne suka buɗe wannan zango. Duk daren Litinin miliyoyin mutane kan saurare shi a tashar CBS. Ana kiran DeMille mai shirya shirin, amma a gaskiya wasu ne ke rubutawa da bayar da umarni. Nasa shi ne suna da murya.

Rikicin dala ɗaya

A 1944 ƙungiyar ma'aikatan rediyo, AFRA, ta ɗora wa kowane mamba dala ɗaya don yaƙar wani ƙudurin doka a California, wanda zai hana tilasta wa ma'aikaci shiga ƙungiya kafin ya samu aiki. DeMille yana goyon bayan ƙudurin, don haka ya ƙi biya. Aka dakatar da shi, ya bar shirin a Janairun 1945. Ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba, aikin da ke kawo masa kusan dala 100,000 a shekara ya kuɓuce masa.

Shirin ya ci gaba har 1955. DeMille ya rasu a Hollywood sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 77.