Alhaji Mamman Shata Katsina (1923-1999)

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina cikin shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, don haka da yaron ya soma waƙa a dandali sai mahaifinsa ya ƙi abin ƙwarai, domin a wancan zamani ana ɗaukar kiɗa roƙo ne, roƙo kuwa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce sai ga wanda ya gada. An sa shi tallar goro da alewa ko ya shagala, amma ciniki bai karɓe shi ba. Watau Shata ɗan haye ne, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtar rayuwarsa duka.

Da ya bar gida sai ya zauna a Bakori, sa'an nan Funtuwa, daga baya kuma Kano. Da yake bai gaji taushi ko kotso ba, kayan kiɗan fada, sai ya riƙi kalangu, wanda aka fi sani da kiɗan mahauta da na 'yan mata. Da wannan ganga ta talakawa ya shiga fadodin sarakuna. Tsarin waƙarsa ba shi da yawan ƙawa: amshi gajere guda ɗaya wanda 'yan amshi ke maimaitawa, shi kuma yana zuba ɗiyan waƙa nan take gwargwadon abin da idonsa ya gani a wurin. Saboda haka waƙa ɗaya takan fito da fuska dabam a kowane zama, abin da ke wahalar da ɗalibin da ya dogara ga faifai guda. Dandatti Abdulƙadir ya yi nazarinsa a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka cikin 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988.

Rashin gado ya ba shi 'yancin da makaɗin fada ba ya da shi. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Sarkin Taushi na Sarkin Katsina ne, amma Shata ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da attajiri da soja da manomi, har kumbon Afolo da ya je wata cikin 1969 bai tsira daga bakinsa ba. A Bakandamiyarsa kansa ya wasa. Ya taɓa siyasa ma, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa a jamhuriya ta uku, ko da yake ba nan ƙarfinsa yake ba.

Duk da haka yana da ubangida, sai dai shi ya zaɓa da kansa. Shi ne Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarautar Daura cikin 1966. Waƙar da ya yi masa tana cikin fitattun waƙoƙinsa, gidajen rediyo sun kai ta ko'ina, daga birnin Daura har garuruwan bakin iyaka irin su Ɓaure da Babban Mutum. Amincinsu bai yanke ba har ƙarshe.

Shata ya rasu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, bayan doguwar jinya. Ba a kai shi Musawa ba, ba a kai shi Funtuwa ba. A Daura aka yi jana'izarsa, a can kuma kabarinsa yake. Sarki Muhammadu Bashar ya bi bayansa cikin 2007. Allah ya ji ƙansu.