Likita Jeanette Troup ta Asibitin Jankwano

Da yawa cikin iyayenmu da suke aiki a masana'antun Bompai, Sharada da Challawa daga Filato suka zo, kuma tsofaffinsu sun san asibitin mishan na Jos wanda ake kira Jankwano. A can ne Likita Jeanette Troup, 'yar Amurka, ta yi aiki a ƙarƙashin mishan na SIM.

A watan Janairu na 1969 aka kawo mata wata nas mai suna Laura Wine daga garin Lassa, tana fama da zazzaɓin da ba a san irinsa ba. Ba ta daɗe ba ta rasu. Nas Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta da ɗan rauni a yatsa, ita ma ta kwanta ta rasu. Likita Troup ta buɗe gawar Shaw don ta gano dalili, Nas Lily Pinneo tana taimakonta. Bayan 'yan kwanaki Pinneo ta kamu, aka kai ta New York, ta warke da kyar. A Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata sunan Lassa.

Farkon 1970 cutar ta sāke ɓarkewa a Jos, har ma'aikatan asibitin suna kamuwa. Likita Troup ta san abin da ya ci abokan aikinta, duk da haka ta sāke yin binciken gawa, gama tana so ta tabbatar da abin da ke kashe mutane. Tana cikin aikin wuƙa ta yanke ta a yatsa. Ƙaramin yanka ne, irin wanda mukan yi a madafa mu manta. Amma mutuwar mutum ba ta kashe ƙwayar nan take. Tana nan cikin jini da sauran ruwan jiki. Ta rasu a watan Fabrairu na 1970. Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta domin a yi mata magani, amma ba ta same ta da rai ba.

Daga baya aka gane ɓera ne ke ɗauke da cutar. A Janairun 2020 ta kashe likitoci a nan Kano. Shi ya sa idan zazzaɓin Lassa ya kashe wani, ma'aikatan lafiya ne ke shirya gawar da safar hannu da maganin kashe ƙwayoyi, dangi kuwa su tsaya gefe su yi addu'a.